Ƙishin Taba a Kwanakin Farko: Jan Hankali ga Mutanen Yankara da Kewaye

Duk wanda ya san Yankara ya san gari ne na kan hanya. Babbar kwaltar da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa ta nufi Tsafe da Gusau ta ratsa ta cikinsa, saboda haka ba a rasa direbobin manyan motoci da yaransu, da 'yan acaɓa, da 'yan dako, da fatake masu sayen masara da dawa da waken soya daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Inda irin wannan jama'a ta taru kuwa ba a rasa mai tebur a gefe, ya fasa kwalin sigari yana sayarwa kara ɗaya-ɗaya, ga ashana a ɗaure da zare don kada wani ya wuce da ita. Da za a tsayar da mashaya taba a wannan tasha a tambaye su ko suna son su bari, da yawansu za su ce suna so, wasu ma za su ce sun sha yin rantsuwa, amma ba su kai mako ba suka koma. Ba su kaɗai ke fama da haka ba. Binciken likitoci a ƙasashe daban-daban ya nuna mafi yawan masu komawa taba a cikin makon farko suke komawa, kuma cikin mutum 100 da suka yi yunƙurin bari ba da wani shiri ko taimako ba, waɗanda ke kai shekara ba su cika wuce 5 ba. Wannan takarda ba za ta ɓata lokaci wajen sake karanto illolin taba ba, domin babu mashayin da tarin asuba bai riga ya yi masa wa'azi ba. Abin da take son kafawa shi ne, ƙishin taba da ke kayar da mutane a waɗannan kwanaki abu ne mai iyaka, an san lokacin zuwansa, an san tsawon zamansa, kuma wanda ya shirya masa tun bai zo ba ya fi wanda ya dogara da ƙarfin zuciya kaɗai kusa da nasara.

Sai mu fara da sanin abokin gaba. A cikin ganyen taba akwai wani sinadari da ake kira nikotin, shi ne mai ɗaure mutum. Idan aka zuƙi hayaƙi, nikotin na bi ta huhu ya shiga jini, ya isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, ya sa ta saki wani sinadarin nata mai suna dofamin, wanda ke sa mutum jin daɗi da sakewa. Yau da gobe sai ƙwaƙwalwa ta saba, har ta ƙara yawan wuraren da ke karɓar nikotin ɗin, ta mai da shi kamar wani abincinta. Matsalar ita ce nikotin ba ya daɗewa a jiki. Bayan kimanin awa 2 rabinsa ya fita daga jini. Shi ya sa mashayi ke tashi da safe babu abin da ke ransa sai taba, domin ya kwana jininsa na tacewa. To, idan ya bari gaba ɗaya, waɗannan wurare da suka saba samu sai su wayi gari wayam, su fara kuka. Kukan nasu shi ne saurin fushi, da ƙuncin rai, da rashin barci, da kasa tattara hankali wuri ɗaya, da yawan jin yunwa, wani har da ciwon kai da taurin bayan gida. Alamun kan fara ne a yinin farko, su yi tsanani a rana ta biyu da ta uku, daga nan su riƙa sauka cikin mako biyu zuwa huɗu. Wahala ce ta gaske, kada wanda bai taɓa sha ba ya raina ta. Amma a lura, babu ɗaya daga cikin waɗannan alamu da ke kisa, kuma babu wadda ke dawwama.

Akwai wani abu kuma da mashaya da yawa ba su lura da shi ba, don ba su taɓa tsayawa sun jira ba. Shi ƙishin da ke taso wa mutum farat ɗaya, ya ji kamar ransa zai fita in bai kunna ba, ba ya wuce 'yan mintoci, galibi uku zuwa goma. Yana zuwa ne kamar guguwar bazara da ke tasowa a fili ta kwashi karmami da ƙura ta turnuƙe ko'ina, kafin ka gama kare ido ta yi gaba. Ko an kunna taba ko ba a kunna ba zai wuce. Mashayi yana ɗauka tabar ce ta kore shi, alhali da ya dakata zai tafi don kansa. Idan wani ya ce wannan zancen likitoci ne kawai, to hujjar tana nan a cikin garinmu kowace shekara. Mutumin da ba ya iya awa ɗaya ba taba a watan Sha'aban, shi ne dai ke yin awa 13 zuwa 14 bai kusance ta ba a watan Ramadan, yana gona ko yana tuƙi, kwana 29 ko 30 a jere. Ƙishin na taso masa da hantsi, ya taso bayan azahar, ya kuma taso gab da magariba, kowane karo kuma ya wuce bai mutu ba. Me ya ba shi wannan iko? Ya riga ya rufe ƙofar shawara tun da asuba. Ba ya tsayawa ciniki da zuciyarsa a kan ko zai sha ko ba zai sha ba, saboda ya san babu hanya. Sai a dube shi da an kira sallar magariba: ya jefa dabino a baki, ya kurɓi ruwa, kafin ma a zuba kunu ya zagaya bayan katanga ya kunna, jiri ya ɗebe shi har sai ya dafa bango. Wannan jiri shaida ce cewa jikin ya fara mantawa da taba tun a yini ɗaya, shi ne ya koma ya tuna masa. Don haka wanda ya taɓa azumi kada ya ce ba shi da ƙarfin bari. Abin da ya rage masa shi ne ya ɗauki irin niyyar da yake ɗauka da asuba ya shimfiɗa ta har dare, ya sake ɗaukarta washegari.

Sai dai nikotin rabin labarin ne, sauran rabin sabo ne. A yi lissafi. Mai shan kara 10 a rana, in yana zuƙar kowane kara sau goma, ya kai hannu baki sau 100 ke nan a yini, sau 36,500 a shekara.  Kowace zuƙa kuma tana ɗaure da wani abu: bencin mai shayi da sassafe, gama cin tuwon dare, zaman majalisa bayan isha'i, jiran lodi a tasha, hutun tsakar rana a gindin bishiya a gona, ko ɓacin rai bayan cacar baki. Bayan shekaru, ganin kofin shayi kaɗai ya isa ya ta da ƙishin, ko da nikotin ya daɗe da fita daga jini. Wannan labari ne mai daɗi ga mai son bari, domin abin da ke da sanannen lokaci ana iya yi masa kwanton ɓauna. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Kafin ranar da ka tsayar don barin taba, ɗan'uwa, ka zauna ka ƙirga lokutan da ka saba kunnawa, kowanne ka tanadar masa abin da zai maye gurbinsa. In bayan cin abinci ne, kada ka ci gaba da zama a inda ka ci. Tashi nan take ka wanke baki ka ɗauki aswaki, domin yana ba hannu da baki aikin da suka saba, ga shi kuma sunna. In wajen mai shayi ne, ka sha naka a gida na mako biyu, ko ka saya ka wuce. In majalisarku ta mashaya ce, ka ƙaurace mata na ɗan lokaci, ka gaya musu dalili baki da baki. Abokin da zai miƙo maka kara bayan ya ji haka ya nuna maka matsayinka a wurinsa. A daren jajibirin ranar barin ka fitar da sauran taba da ashana daga aljihu da ɗaki da cikin mota, ka wanke rigunan da ke warinta. Idan kuma ƙishin ya taso duk da haka, kuma zai taso, aikinka ɗaya ne, ka cinye mintocin nan. Ka kurɓi ruwan sanyi a hankali, ka ja numfashi mai tsawo ka sake shi sannu sau goma, ka tashi ka taka zuwa ƙarshen layi ka dawo, ka yi alwala, ka ja carbi, ka ɓare gyaɗa ko ka tauna aya. Ba wani sirri a cikin waɗannan abubuwa. Amfaninsu shi ne su riƙe ka har abin ya wuce. Zaman banza ne babban haɗari a makon farko, gwamma a cika shi da aiki.

Ga wata gaɓa da ta shafe mu musamman, mu masu goro da shayi. Hayaƙin taba yana sa hanta saurin narkar da kafin, wato sinadarin da ke cikin goro da ganyen shayi da kofi mai wartsakar da mutum. Da an daina taba sai wannan sauri ya ragu, kafin ɗin ya riƙa daɗewa a jini, har yakan kusa ninkawa ko da mutum bai ƙara yawan abin da yake sha ba. To, abin da mafi yawan masu barin taba ke yi a nan shi ne su koma wa goro, su yini suna tauna, su bi da shayi mai kauri. Dare ya yi barci ya ƙi zuwa, gaba na faɗuwa, hannu na rawa, sai su ce rashin taba ne zai haukata su, su koma. Alhali goron ne ya yi yawa. A rage goro da shayi zuwa rabin abin da aka saba, kada kuma a kusance su bayan la'asar.

Yanzu sai babban tarko, wanda ya fi kowane kayar da mutane, wato kara ɗaya. Bayan kwana huɗu ko biyar zuciya kan fara raɗa: ai ka nuna ka iya, ɗana ɗaya kawai, ko zuƙa biyu a hannun aboki. Binciken masu barin taba ya sha tabbatar da cewa mafi yawan waɗanda suka ɗana ɗayan nan suna ƙarewa ne da komawa gadan-gadan, domin ɗayan ya isa ya ta da wuraren da suka fara yin barci a ƙwaƙwalwa. Abin takaici, a garuruwanmu tarkon a ɗane yake a kowace kwana. Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayu na 2015, ta hana sayar da sigari kara-kara, ta ce sai dai a kwali mai 20, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Kowa ya san yadda ake bin wannan doka a tashoshinmu. Mai sayen kara ɗaya ba ya ma ganin hoton gargaɗin da aka buga a jikin kwalin, kuma canjin da ke aljihunsa ya ishe shi faɗuwa. Tunda hukuma ba ta rufe wannan ƙofa ba, dole mai bari ya rufe ta da kansa. Ya sauya hanyar da ke bi ta gaban teburin da ya saba, ya biya bashin da ke kansa a can, ya ce wa mai teburin, “Malam, na bari, ko na zo na roƙe ka kada ka ba ni.”

Wani zai ce, duk mun ji, amma a halin da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara suka shiga na rashin tsaro a shekarun nan, mutum na kwana da fargaba, gona ta gagara zuwa, taba ce kaɗai ke ɗan kwantar masa da hankali, yaya za a ce ya bari yanzu? Wannan magana ba ta wasa ba ce, kuma babu mai musun damuwar. Sai dai a duba abin da tabar ke kwantarwa. Nikotin yana ƙara bugun zuciya ne, yana ɗaga hawan jini. Sakewar da mashayi ke ji in ya kunna ta biyan ƙishin da tabar da ta gabata ta bar masa ce. Ita ta kunna wutar, ita kuma ke karɓar ladan kashewa. Mashayi na ɗauke da damuwa biyu ke nan, ta duniya da ta nikotin mai dawowa duk bayan awa ɗaya ko biyu. Nazarin da aka yi a kan dubban mutane ya nuna waɗanda suka bari, bayan makonnin farko sun wuce, damuwarsu da ƙuncin ransu raguwa suke yi idan aka gwada da waɗanda suka ci gaba. Shi kuwa direban da ke cewa taba ke hana shi gyangyaɗi a hanyar Gusau, gaskiyarsa ɗaya ce: makon farko na bari yana rikita barci da natsuwa, don haka ya tsayar da ranarsa a lokacin da ba shi da doguwar tafiya. Amma barci ba shi da magani sai barci. Wanda idonsa ya yi nauyi ya gangara gefe ya kwanta, ko da taba a bakinsa ko babu.

Wani kuma zai ce shi a hankali zai riƙa ragewa. Ba laifi, matuƙar ragewar tana da ranar ƙarewa da aka ambata, ba ta wuce 'yan makonni ba. Ragewar da ba ta da rana yaudarar kai ce, kuma ba ta kare lafiya yadda ake zato: wani babban nazari da aka wallafa a Ingila a 2018 ya gano mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan 20. Komawa garin taba da ake cusawa a leɓe da kanwa, ko wanda ake shaƙa a hanci, ko shishar da samari suka ɗauka ado, sauya wa nikotin ƙofar shiga ne kawai, ɗaurin na nan yadda yake. Mafi muni shi ne a nemi kashe ƙishin taba da tiramol ko wasu ƙwayoyi. Wanda ya yi haka ya gudu daga ƙaramin rami ya faɗa babba. Akwai dai magunguna na gaskiya. Akwai cingam na nikotin da filastar da ake mannawa a fata, masu ba jiki nikotin kaɗan-kaɗan ba hayaƙi, a riƙa ragewa har a yaye shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna tun 2009, kuma suna ƙara damar yin nasara da kimanin rabi. Wanda ke kunna taba da ya buɗe ido, ko yake shan kwali a yini, ya dace ya tambayi likita a kansu a babban asibitin Funtuwa ko na Ƙanƙara. Mace mai ciki, da mai shan maganin asma ko na ciwon suga ko na taɓin hankali, su sanar da likita cewa za su bari, don wasu magungunan kan buƙaci gyaran awo bayan an daina taba.

Sauran hujjar da aka fi ji daga dattawa ita ce, bakin alƙalami ya riga ya bushe, an yi shekara talatin ana sha, kuma ai wane ya sha lofe har ya tsufa tukuf, ajali kuwa ba ya wuce lokacinsa. Ajali na hannun Allah, babu ja. Amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya hore mu da riƙon sababi da kiyaye amanar jiki, kuma ba wanda ke kwanciya a tsakiyar kwalta don ya yi imani da ƙaddara. Tsohon da ake misali da shi ana ganinsa ne don ya rayu. Tsararrakinsa da taba ta kwashe ba sa nan balle a ƙirga su. Wani likitan Ingila, Richard Doll, da abokan aikinsa sun bi rayuwar dubban likitocin ƙasarsu tun daga 1951 har shekara 50. Sun samu cewa mashayi na rasa kimanin shekara 10 na rayuwarsa, amma wanda ya bari yana ɗan 30 ya ceto kusan dukansu, ɗan 40 ya ceto 9, ɗan 50 ya ceto 6, ɗan 60 ma ya ceto 3. Ribar kuma ba ta jiran tsufa. Cikin minti 20 da kashe karan ƙarshe bugun zuciya ya fara sauka, cikin awa 12 iskar gubar hayaƙi da ke hana jini ɗaukar iska mai kyau ta koma daidai, bayan shekara ɗaya haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi. A daidai kwanakin da mutum ke jin kamar jikinsa ya lalace, a lokacin ne yake gyaruwa. Har tarin da kan ƙaru wa wasu a farko, huhu ne ke fitar da dattin da ya tara.

Wanda ya zame ya sha ɗaya, kada ya ce shi ke nan an gama, bari ya sayi kwali. Ya jefar da sauran a take, ya duba abin da ya kayar da shi, wuri ne ko mutum ko ɓacin rai, ya toshe wannan kafa ya ci gaba a ranar. Mafi yawan waɗanda suka rabu da taba har abada sai da suka gwada fiye da sau ɗaya.

Ku kuma iyali, uwargida da 'ya'ya da ƙanne, kuna da rabo a wannan aiki, domin hayaƙin da ake busawa a ɗaki ku ma kuna shaƙa, kuma yana cikin abin da ke jawo wa yara ciwon ƙirji. Idan maigida ya bari, ku yi haƙuri da faɗansa na mako biyu, kada a ce masa gara ya koma mu huta, kada a yi masa gori in ya zame, kada kuma a sake aiken yaro sayen taba. Limamai da masu unguwanni da shugabannin tasha su riƙa ambaton wannan magana a inda jama'a ke jin su. Kai kuma ɗan'uwa mai niyya, kada ka jira sabuwar shekara ko azumi mai zuwa. Tsayar da rana cikin mako biyun nan, ka faɗa wa mutum biyu da kake jin kunyarsu, ka tanadi aswakinka da gyaɗarka, kuɗin tabar kowace rana kuma ka riƙa jefa su a asusu. Allah ya ba da iko, ya sa a dace.